Filin Tambaya da Amsa: Na sanya wa 504 akwatin wuta, yanzu injin ya ƙi mutuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 mai kafireta da distiribita irin ta kontak, wadda na gada daga mahaifina, kuma ina son in ci gaba da hawanta. Wani ɗan'uwana ya aiko mini da akwatin wuta, wato na'urar da ke ƙarfafa tartsatsin fulogi, samfurin MSD 6AL daga Amurka, na kai wa mai rewaya ya haɗa shi. Motar ta tashi, amma idan na kashe makulli injin ba ya mutuwa sai na sa giya na saki kuloci. Agogon da ke nuna juyin inji, wanda na sanya tun da daɗewa, shi ma ya daina aiki. Mai rewayar ya ɗora fitilar gwajinsa a kan koyil bai ga wuta ba, ya ce akwatin ne ya lalace. Shin in cire shi, ko akwai gyara? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma sa albarka a abin da ya bari. Kada ka cire akwatin tukuna, domin injin da ya tashi ya kuma ci gaba da aiki shaida ne cewa akwatin yana ba da wuta. Dukkan alamun da ka lissafa na haɗin waya ne, kuma kowannensu yana da sanannen magani.

Mai rewayarka ya yi hukunci ne da ilmin tsarin da ya saba da shi, kuma a wancan tsarin yana da gaskiya. A 504 yadda ta fito daga masana'antar Kaduna, makulli yana aika wutar batir kai tsaye zuwa koyil, kontak kuma yana katse ta, katsewar ce take haifar da tartsatsi a fulogi. Saboda haka da zarar an murɗa makulli, fitilar gwaji za ta kama a kan koyil. Akwatin MSD ba haka yake aiki ba. Yana ɗaukar volt 12 na batir ya ɗaga shi sama da volt 400, ya tara a cikinsa, sannan ya sake shi cikin koyil a daidai lokacin da kontak ya buɗe. Idan injin yana tsaye babu wata wuta da ke zaune a kan koyil, don haka fitila ba za ta kama ba ko da akwatin sabo ne fil. Ina roƙon ka gaya masa ya daina taɓa kan koyil da fitila ko da hannu alhali injin yana juyawa, domin wutar da ke wurin yanzu tana iya yi wa mutum mummunan jijjiga.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir mai alamar ragi, sannan a bi wayoyin akwatin ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu kauri guda biyu, ja da baƙa. Ja mai kauri tana zuwa kan batir mai alamar ƙari, baƙa mai kauri kuma tana zuwa kan batir mai alamar ragi ko wani ƙusa mai tsabta a jikin injin, wanda aka kankare tsatsa da fenti daga ƙarƙashinsa. Waɗannan su ne ke ciyar da akwatin, kuma ba a son a ja su daga fis ɗin rediyo ko a ƙara musu siririyar waya. Ja siririya ba ta ciyar da komai, ita ce kawai ke shaida wa akwatin cewa an kunna makulli, kuma wurin da ya fi dacewa da ita shi ne tsohuwar wayar da a da take kawo wuta daga makulli zuwa kan koyil. Farar waya tana haɗuwa da wayar da ta fito daga kontak. Akwai kuma tagwayen waya, kore da mai ruwan shunayya, waɗanda aka tanada domin distiribita mai maganaɗisu. Motarka ba ta buƙatarsu, sai a naɗe bakinsu a ajiye gefe, domin ba a amfani da su tare da fara a lokaci guda.

Ƙa'idar da aka fi karyawa ita ce ta koyil, kuma ita ce nake son ka duba da idonka. Waya mai ruwan lemo tana zuwa kan koyil mai alamar ƙari, baƙa siririya tana zuwa kan mai alamar ragi, kuma ban da waɗannan biyun babu wayar da ta halatta ta kasance a wurin. Buɗe bonet ka ƙirga: idan ka ga waya ta uku a kan ɗaya daga cikin ƙusoshin nan biyu, ko ta makulli ce, ko ta kontak, ko ta ƙaramin kondensan da ake sanyawa domin hana rediyo ƙara, to aikin bai kammala ba.

A nan ne matsalar agogonka take. A tsohon tsari ana ɗaukar wayarsa daga kan koyil mai alamar ragi, wurin da yanzu ya zama haramun a gare shi. Akwatin yana da mafita ta musamman domin agogo, a sababbin samfura waya ce mai ruwan toka, a tsofaffin kuma wani ɗan haƙori ne a gefen akwatin. A mayar da wayar can. Idan allurar ta motsa daidai, an gama. Idan ta ƙi, ko tana tsalle, agogon na irin tsofaffin nan ne da ke buƙatar ƙaramar na'urar daidaitawa, wadda kamfanin yake sayarwa daban.

Ƙin mutuwar injin kuwa yana da dalilai biyu, kuma ana bambance su cikin sauƙi da mitar auna wutar lantarki. Bayan injin ya tsaya, makulli yana kashe, a gwada ja siririya. Idan mitar ta nuna volt 12, an haɗa ta da wayar da ba ta bin makulli, wadda kullum take da wuta, kuma gyaran shi ne a mayar da ita kan tsohuwar wayar koyil. Idan babu wuta a kanta lokacin da injin yake tsaye, amma tana bayyana muddin yana juyawa bayan an kashe makulli, to altaneta ce take dawo da 'yar wuta ta hanyar fitilar caji da ke gaban direba. Wannan 'yar wutar ba ta isa ta ciyar da tsohon koyil ba, shi ya sa ba ka taɓa ganin matsalar a baya ba, amma ta ishi akwatin ya ɗauka cewa makulli yana kunne. Maganinta diyod ne, ɗan ƙaramin abu da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kuma yawanci yana zuwa a cikin ledar kayan akwatin. Ana yanka siririyar wayar da ke tsakanin fitilar caji da altaneta a sanya shi a tsakiya, gefensa mai zobe yana fuskantar altaneta. Idan aka juya shi, fitilar caji ba za ta kama ba, batir ma yana iya ƙin caji. Kafin a yi gyaran, kada kowa ya kashe injin ta hanyar zare kan batir, domin hakan yana ƙona altaneta, wani lokaci har da akwatin.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya zama dole in faɗa. Ana fitar da wannan akwati ne a shirye domin injin silinda 8 irin na manyan motocin Amurka, alhali 504 silinda 4 gare ta. A ƙarƙashin wani ɗan murfi akwai madaukan waya guda biyu, ja da shuɗi, kuma injin silinda 4 yana buƙatar a yanke duka biyun. Idan aka bar su, akwatin zai riƙa ƙirga rabin juyin da injin yake yi a zahiri, ta yadda na'urar da ke hana inji wuce iyaka ba za ta kama ba sai a ninkin adadin da aka saita. A duba takardar da ta zo da shi a tabbatar kafin a sa almakashi, tunda samfuran sun ɗan bambanta. Wayoyin fulogi masu zallar tagulla a ciki ba su dace da shi ba, a nemi masu rage hayaniyar lantarki. A ɗaure akwatin a kan robobinsa, nesa da zafin salansa, a inda iska ke ratsawa, kuma duk ranar da za a yi wa motar walda a fara cire wayoyinsa masu kauri.

Idan ana son tabbacin lafiyarsa, akwai gwaji mai sauƙi. A zare babbar wayar koyil daga murfin distiribita, a ajiye bakinta kimanin santimita ɗaya daga jikin injin, nesa da tiyon fetur, ba tare da an riƙe ta ba. A raba farar waya da kontak, a kunna makulli, a riƙa taɓa bakin farar a jikin ƙarfe ana ɗagewa. Kowace ɗagewa ya kamata ta fitar da tartsatsi mai ƙara.

Game da abin da za ka samu kuwa, kada ka sa ran motar za ta ƙara gudu. Ƙasa da juyi 3,000 a minti akwatin yana harba tartsatsi da yawa a jere maimakon guda ɗaya, kuma amfanin hakan yana bayyana ne wajen tashi da sanyin safiya, da daidaituwar silo, da raguwar baƙin fulogi. Kontak ma zai daɗe, tunda 'yar wuta kaɗan ce take bi ta kansa yanzu, sai dai dugadugansa, wato wurin da yake gogar sandar distiribita, na ci gaba da cinyewa, don haka ana duba tazararsa kamar da. Akwatin ba ya gyara kafiretar da ke zubar da mai, ba ya kuma gyara distiribitar da sandarta take lilo. Bayan an kammala haɗin a sake duba tayimin, wato lokacin fitar tartsatsi, da fitilarsa, a bar tazarar fulogi yadda take har motar ta yi 'yan kwanaki tana aiki lafiya, sannan a buɗe ta kaɗan kaɗan idan ana so. Ka kuma bar tsofaffin wayoyin makulli da kontak kusa da koyil ba tare da an yanke su ba, domin idan akwatin ya tsaya a kan hanya, mayar da wayar makulli da ta kontak kan koyil zai tayar da motar a tsohon tsarinta.