Amsa ga Malam game da ziyarar da muke kai wa tsofaffin wuraren bautar Jain a Rajastan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan iyali da almajirai suna lafiya, saƙon Malam ya iso gare ni, inda yake tambayar dalilin da ya sa Hausawa mazauna Indiya, waɗanda kusan dukkanmu Musulmi ne, muke zuwa wuraren bautar mutanen ƙasar har a ga hotunanmu a Facebook. Tambayar ta dace, domin mu ma mun sha tattauna ta a tsakaninmu, kuma zan bayyana yadda muke yi a nan jihar Rajastan, inda yawancinmu ɗalibai ne, sai 'yan kasuwa da waɗanda aiki ko aure ya zaunar.

Wuraren da Malam ya gani a hotunan na mabiya addinin Jain ne, kuma addininsu daban yake da na Hindu, ko da yake baƙo yakan haɗa su. A ƙidayar 2011 yawansu a duk Indiya bai wuce miliyan 4.5 ba, amma suna da ƙarfi ƙwarai a kasuwanci, shi ya sa da wuya mutum ya zauna a Udaipur ko Jaipur bai yi hulɗa da su ba, ko a kanti ko wajen neman gidan haya. Suna girmama manyan malamai 24 da suke kira Tirthankara, na ƙarshensu shi ne Mahavira, wanda ya yi zamani da Buddha. Ba su yarda da Mahalicci ba, kuma wannan ya saɓa wa tauhidi kai tsaye, ba ma ɓoye wa 'ya'yanmu haka. Ginshiƙin addininsu shi ne kada a cutar da duk wani mai rai, har ƙwaro, don haka ba sa cin nama, masu tsanantawa a cikinsu ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali saboda tono su yana kashe ƙananan halittun ƙasa, kuma ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. Wanda bai san wannan ba, idan mai gida ya ƙi ba shi haya don yana dafa nama, sai ya ɗauka ƙiyayya ce ga baƙar fata ko ga Musulmi. Ba na musun cewa ana samun wariya a ƙasar nan, amma sau da yawa dalilin shi ne wannan aƙida, kuma sanin ta ya rage mana rigingimu da maƙwabta.

Wurin da muka fi zuwa shi ne Ranakpur, mai nisan kusan kilomita 90 daga Udaipur, a cikin kwarin duwatsun Aravalli. Wani attajirin Jain mai suna Dharna Shah ne ya ɗauki nauyin gina shi a ƙarni na 15, a zamanin sarkin Mewar, Rana Kumbha, kuma daga sunan sarkin garin ya samo sunansa. Ginin na farin marmara ne, yana tsaye a kan ginshiƙai 1,444, kuma ana cewa babu biyu da suka yi kama da juna a sassaƙa. Duk inda mutum ya tsaya sai ya ga ginshiƙai sun jeru ta kowace fuska, haske yana shigowa ta farfajiyoyin da aka bari a buɗe, iska tana ratsawa, har ƙafa ta riƙa jin sanyin daɓen alhali a waje rana tana ƙuna. Ɗalibanmu masu karatun gine-gine sukan daɗe suna nazarin yadda aka ɗora ƙubbobi a kan waɗannan ginshiƙai, aka kuma samar da sanyi ba tare da wutar lantarki ba.

Dilwara, a kan tsaunin Abu, ya girme shi, kuma a ganina ya fi shi ƙwarewar hannu. Wuraren bauta biyar ne a haɗe, daga waje ba su da wani kwarjini, sai an shiga. Na farko, Vimal Vasahi, wani waziri mai suna Vimal Shah ne ya gina shi wajen shekarar 1031, na biyu kuma, Luna Vasahi, wasu 'yan'uwa biyu, Vastupala da Tejapala, suka gina shi wajen 1230. An sassaƙa rufin ta yadda furanni na dutse suke reto daga sama, kuma an yi ta kankare marmaran kamar yadda ake fafe ƙwarya, har a wasu wurare ya yi sirantar da haske ke iya ratsa shi. Masu yi wa baƙi jagora suna ba da labarin cewa gwargwadon nauyin garin dutsen da magini ya kankare ake biyan sa, domin ya ƙara himma wajen sirantawa. A nan ba a yarda a shiga da waya ko kyamara ba, don haka duk hoton da Malam ya gani na cikin gini, mai yiwuwa na Ranakpur ne.

Yanzu ga ainihin abin da Malam ya tambaya. Muna zuwa ne a matsayin baƙi masu kallo, kuma su kansu masu wurin sun raba lokaci, safiya ta masu ibada ce, sai daga ƙarfe 12 na rana ake buɗe wa waɗanda ba Jain ba. Saboda haka ba ma halartar bautarsu. A tsakaninmu akwai abubuwan da kowa ya sani ko da ba a rubuta su ba: ba ma rusunawa ko haɗa tafuka a gaban gunki, ba ma miƙa kuɗi ko wani abu da sunan sadaka gare shi, kuma idan mai hidimar wurin ya matso zai ɗiga mana alamarsu a goshi, sai mu dafa ƙirji mu yi godiya mu ja baya. Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi da haka ba. Mu ma muna kiyaye dokokinsu, wato cire takalmi, suturta jiki, da barin duk wani abu na fata a waje, kamar bel da jaka da alabe, domin a wurinsu fata shaidar kisan dabba ce. Mukan tuna wa sabon zuwa cewa kada ya shigo harabar da kilishi ko dambun naman da ya zo da shi daga gida, kuma kada kowa ya yi dariya ko izgili ga abin da suke girmamawa, saboda Alƙur'ani ya hana zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Da yake tafiyar ta kai nisan ƙasaru, mukan haɗa azahar da la'asar a wani wuri mai tsabta a kan hanya, ba a cikin harabarsu ba.

Akwai kuma batun kunya. Jain sun rabu gida biyu, Shwetambara masu fararen tufafi da Digambara waɗanda manyan masu zuhudunsu maza ba sa sa tufa, kuma gumakansu ma haka ake sassaƙa su. Hasumiyar Kirti Stambha da ke cikin ganuwar Chittorgarh, wadda wani ɗan kasuwar Jain ya gina a ƙarni na 12, tana ɗauke da irin waɗannan siffofi, shi ya sa mukan gargaɗi wanda zai je da iyaye ko surukai tun kafin a tashi.

Ba dukkanmu ne muke shiga ba, kuma ina so Malam ya san haka. Wasu suna riƙe da fatawar da ta hana shiga duk inda aka kafa gumaka, wasu kuma suna kafa hujja da ayoyin da suka yi umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance, muddin babu shiga cikin bauta. Ni ina cikin masu shiga, amma ina ganin girman masu ƙi, kuma ba ma barin wannan ya raba mu. Mota ɗaya muke ɗauka, masu shiga su shiga, sauran su jira a inuwa ko su wuce ganuwar Kumbhalgarh, wadda Rana Kumbha ya gina, mai tsawon kusan kilomita 36.

Tafkuna kuwa babu saɓani a kansu, can ne kowa yake haɗuwa. Udaipur, wanda Maharana Udai Singh ya kafa a 1559, ana yi masa laƙabi da birnin tafkuna, kuma abin da ya fi burge ni shi ne manyansu duk mutane ne suka tare ruwan. Pichola tun ƙarni na 14 yake, Fateh Sagar da Jaisamand kuma na ƙarni na 17 ne, sannan tafkunan cikin birnin an haɗa su da magudanai ta yadda idan wani ya cika sai ya zuba a wani. A jihar da babban yankinta hamada ne, wannan dabara ce ta raya birni, kuma a shekarun fari an ga Pichola ya ƙafe har ana tafiya a cikinsa da ƙafa. A bakin Fateh Sagar iyalanmu suke shan iska da yamma, musamman a ranakun salla, yara su shiga kwalekwale, manya su zauna su yi hirar gida. A tsaunin Abu ma akwai tafkin Nakki, inda waɗanda ba su shiga Dilwara ba sukan jira 'yan'uwansu.

Idan wani daga cikin almajiran Malam zai zo karatu ko jinya yana so ya ga waɗannan wurare, ya fi kyau ya zo tsakanin Oktoba da Fabrairu, lokacin da zafi ya sauka kuma tafkuna suke cike da ruwan damina, domin daga Afrilu zuwa Yuni zafin yakan haura digiri 40. Ina kuma roƙon Malam, idan ya ga gyara a cikin abin da na bayyana ta fuskar shari'a, ya rubuto mana, zan karanta wa 'yan'uwa idan mun haɗu bayan sallar Juma'a. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Wassalam.