Sabon yaro a shortstop: wa aka tanada a bayansa?

Malam, ka tambayi abin da ƙungiyar baseball za ta tanada idan ta ɗora sabon yaro a shortstop (mai tsaron filin da ke tsakanin tushe na biyu da na uku) kuma abin ya ƙi.

Duba ƙungiyar New York Yankees ta Amurka a 2023. Sun ba Anthony Volpe wurin yana ɗan shekara 21, amma ba su sallami Isiah Kiner-Falefa, wanda ya riƙe wurin kafin shi, ba, sun riƙe shi yana cike gurbi, wani matashin shortstop, Oswald Peraza, kuma na jira a Triple-A, rukunin da ke ƙasa da babbar gasa. Volpe ya sha wuya wajen bugu, makinsa .209 kacal, wato kusan sau biyu cikin goma yake dacewa, amma tsaronsa ya ciyo masa Gold Glove, kyautar gwanin tsaro.

Inda ake yawan kuskure shi ne zaunar da yaro don ya yi mako biyu ba daɗi, alhali wasa 162 ake yi a kaka. Sai dai in jifarsa ta fara karkacewa, likitan ƙungiya ya duba kafaɗarsa tukuna.