Waken soya ya yi tsada, zan iya rage wa aladuna?

Tambaya: Likita, ina kiwon aladu goma sha huɗu a Wusasa. Takwas Large White ne, wato fararen nan irin na Turawa, sun haura kilo 70, sauran 'yan gida ne. Kuɗin waken soya ya fi ƙarfina, abin har barci yake hana ni. Wani mai sayar da dusa ya ce in bar waken gaba ɗaya in koma wa kek ɗin angurya, wai shi masu kiwon shanu suke bayarwa. Ina tsoron kada su rame kafin Kirsimeti. Yaya zan yi?

Amsa: Mama, kwantar da hankalinki, ragewa kam za ki iya. Aladen da ya wuce kilo 70 ba ya bukatar furotin irin na wanda aka yaye jiya. Kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari na abincinsa ya ishe shi, muddin kin ƙara garin laisin, wani sinadarin furotin da jiki ke gina tsoka da shi, wanda ake samu a shagunan abincin kaji. Abin da ya haura bukatarsa fitsari yake komawa, shi ne zarnin nan mai sa hawaye idan kin buɗe ɗakinsu da safe. Kuɗinki ne ke bin kwata. Ki dai raba musu kwami: Large White har yanzu tsoka suke ɗorawa, su za su fara jin ƙarancin laisin, 'yan gida kuwa sun kusa gama girma, kitse kawai suke tarawa, su za ki fi rage wa. Waken da ya rage kuma a soya shi, kada a ba su ɗanye.

Maganar angurya ce ta tayar mini da hankali, don kusan kullum sai na ji ta. Wai abin da sa ya ci ya yi ƙiba, alade ma zai ci. Wa ya gaya musu? Sa yana da tumbi, a can ake ɗaure gubar da ke cikin angurya, wadda ake kira gosifol, kafin ta shiga jini. Alade ciki ɗaya gare shi kamar ni da ke, kai tsaye take wucewa. Kuma muguntarta, ba ta nuna kanta a ranar farko. Za su ci da marmari mako huɗu, mako shida, ki ce kin samu sauƙi. Sannan ki ga wanda ya fi kowa ƙiba ya kwanta a lungu yana haki, haƙarƙarinsa na bugawa, ya ƙi abinci. Washegari gawa. Idan muka buɗe, zuciya ta kumbura ta yi laushi, huhu cike da ruwa. A lokacin sai a ce annoba ce, ko sammu, a dinga ɗura musu allurar da ba ta da alaƙa da ciwon, mai dusa kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Bayan haka, gosifol ɗin yana riƙe laisin da ke cikin kek ɗin, wato furotin da kika saya ma ba duka zai shiga jikinsu ba. Akan sa kaɗan a abincin alade idan an auna gubar an gauraya da sinadarin ƙarfe, amma buhun da aka ɗauko daga kasuwa ba takarda, wa ya auna shi?

Ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a Shika, ga likitocin dabbobi na ABU a Samaru, duk kuɗin mota kaɗan ne daga Wusasa. Ki rubuta abin da kike haɗawa da yawan kowanne, ki kai a lissafa miki. Idan kuma kin riga kin fara ba su anguryar, ki tsayar yau, kada ki jira buhun ya ƙare.