Alat yana ta shigowa, amma ina kuɗin sari?

Wata 'yar uwa ce ta aiko da wannan: "Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Unguwar Dosa, nan Kaduna. Shekara biyu ke nan da na fara sayar da atamfa da leshi daga gida da jarin naira 600,000. Ina saro kaya daga Kantin Kwari in ɗora a sitatus na WhatsApp. Alhamdu lillahi ana ciniki, don a wata nakan ga kusan 900,000 sun shigo asusuna. Amma yanzu in lokacin sari ya yi sai in yi ta kame-kame. Wani yaro ya ce rashin shafin intanet ne ya hana ni ci gaba, zai buɗe mini a kan 250,000, har ina tunanin cin bashi a manhajar lamuni. Asusuna ɗaya ne, a waya, da shi nake komai. Ban taɓa rubuta lissafi ba tunda duk abin da ya shigo ina ganin alat. Me kika gani?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin bar jaki kina dukan taiki. Zancen shafin intanet ki ajiye shi gefe tukuna, za mu dawo kansa. Ciwonki yana cikin layuka biyu na ƙarshen saƙonki, waɗanda kika rubuta kamar ba komai ba: asusu ɗaya, babu littafi. Alat labarin shigowar kuɗi kawai yake ba ki. Ba ya gaya miki nawa ne naki a ciki, nawa ne na mai kaya a Kwari.

Bari mu yi lissafin da ke ba ki yi ba. Ban san farashinki ba, don haka zan ɗauki misali. A ce kina saro turmi a kan 15,000 ki sayar 18,000. Cinikin 900,000 turmi 50 ke nan. A cikin wannan kuɗin, 750,000 uwar kuɗi ce, amana ce a hannunki, dole ta koma Kano ta dawo da wasu kaya. Saura 150,000. Ita ma ba duka ce riba ba. Cire kuɗin mota daga tashar Kawo da dawowa, da na ɗan dako, da data, da leda, da mai Keke Napep da ya kai kaya Barnawa kika ce "bar shi, ni zan biya", da naira 50 ɗin nan da ake cira a kan tura kuɗin da ya kai 10,000, da turmin da ya zo da tabo kika karyar da shi. In an tausaya miki a ce 100,000 ta rage. Wannan ce ribarki ta wata.

To yanzu ki buɗe manhajar bankinki ki duba tarihin abin da ya fita a watan jiya, ki ji tsoron Allah ki duba da kyau. Cefanen ranar da maigida ya fita bai bar komai ba. Katin waya. Gudummawar bikin 'yar ƙawarki. Kuɗin Islamiyya. Ƙaninki da ya kira ya ce a taimaka masa da 5,000. Zubin adashe. Kowanne ƙarami ne, kuma dannawa ɗaya ce. In duka suka haɗu suka kai 160,000, to kowane wata kina gutsurar 60,000 daga jari. A wata goma kin cinye 600,000 ɗin da kika fara da ita, alhali kullum waya tana ƙara, kina jin kanki babbar 'yar kasuwa. Ba wanda ya yi miki sata, ba kuma asiri aka yi miki ba.

Na san wannan ne don ni ma ta taɓa ci da ni. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, duk masu sayen kayana suka koma tiransifa. A da, kuɗin shago a jaka suke, na gida a ƙarƙashin katifa, ko ba komai ido yana ganin bambanci. Da komai ya koma waya sai suka cakuɗe. Ina ganin lamba mai sifili da yawa, sai hannuna ya buɗe. Na canza labule, na yi wa yara ɗinkin Sallah kala uku-uku. Ranar da na shiga sari bayan Sallah na tarar kuɗin hannuna ba su kai rabin abin da na saba ɗauka ba. Na zauna a shagon mutumin da nake sari wurinsa ina ta zufa, ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Dattijon ya tambaye ni abu ɗaya: "Hajiya, ina littafinki?" Ba ni da amsa.

Akwai kuma wani ɓarawon da ba ya nuna kansa a alat. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin sari bai zauna wuri ɗaya ba. Turmin da kika saro 15,000, in kika koma kika tarar ya zama 16,500, to ribarki a kansa 1,500 ce, ba 3,000 ba, domin sai kin cika kafin ki maye gurbinsa. Shi ya sa ni ba na auna jarina da naira kaɗai. Da turmi nake aunawa. Wadda ta fara da turmi 40, bayan shekara ta ga kuɗinta da kayanta 30 kawai za su iya tsayarwa, ta yi baya ko da lambar da ke asusunta ta fi ta da.

Ba ki ambaci bashin da kike bin mutane ba, amma na san akwai, don babu mai sayar da atamfa a cikin unguwa da ba a karɓar kayanta da "zan turo miki anjima". Musamman anko. An kwashi turmi goma sha biyu, an biya bakwai, biki ya wuce, amarya har ta haihu. Kayan da aka ɗauka bashi ba sa yin alat, saboda haka a tsarinki na yanzu babu su a duniya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mu kuma muna jin kunyar rubuta sunan ƙawa a littafi.

Abin da za ki yi ba shi da tsada. Ki buɗe asusu na biyu a satin nan, na kasuwanci zalla, shi kaɗai za ki riƙa ba masu saye. Ki yanka wa kanki albashi, a ce 60,000 a wata, ki tura shi asusunki na gida rana ɗaya. In ya ƙare ya ƙare. Duk wanda ya zo da buƙata, daga nan za ki ba shi, ko maigida ne ya ranta a rubuta. Sannan ki sayi littafi mai kauri, kowane dare kafin ki kwanta ki rubuta abin da ya fita, nawa aka biya, wa ya ɗauka bashi, me kika kashe. Minti goma ne, bai kai lokacin da kike ɓatawa kina duba waɗanda suka kalli sitatus ɗinki ba. Manhajojin lissafi suna nan, amma wadda ba ta saba da biro ba manhaja ba za ta gyara ta ba. Ko zakka ma, ɗaya cikin arba'in ɗin nan, ta yaya za ki san ta hau kanki in ba ki san kimar kayanki ba?

Tunda a waya kike ciniki, ki daina sakin kaya don an turo miki hoton rasit ko saƙon tes ya shigo. Ana ƙirƙirar duka biyun. Ki shiga manhajar bankin da kanki ki ga kuɗin sun zauna.

Mu koma kan yaron nan da shafinsa. Ba na ce macuci ba ne, sana'arsa yake tallata miki. Amma ya gaya miki cewa sunan shafin haya ne, duk shekara ake sabunta shi? Wurin da ake ajiye shafin ma biya ake yi. Kullum sabon kaya ya zo sai an ɗora hoto, an canza farashi, in ba ki iya ba sai kin nemo shi kin sake biya. Kuma shafi ba shagon bakin titin Ahmadu Bello ba ne da mutane za su gani suna wucewa. In ba ki biya talla ko kin turo mutane da kanki ba, babu mai leƙawa. Masu sayen kayanki suna WhatsApp, suna son su ji muryarki, su ce "Hajiya a rage mana". WhatsApp Business kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashinsu, yana da alamar da za ki manna wa wanda ya biya da wanda bai biya ba. Ki ƙure wannan tukuna. Ranar da kika isa buɗe shafi, ki tabbata da sunanki da imel ɗinki aka yi rajistarsa, kada wata rana ku saɓa ya tafi da shi.

Bashin manhaja kuwa, a'a. Ribarki 100,000 ce a misalinmu, ita ma ba ta isar ki, da me za ki biya 250,000 da kuɗin ruwanta a cikin 'yan makonni? Wasunsu da zarar kin sauke manhajar sun kwashi lambobin da ke wayarki, kika yi jinkiri sai saƙon cin mutunci ya isa wurin surukarki. Kuma in jari ya fara matse mutum, a lokacin ne ƙawa take zuwa da labarin wani dandalin intanet mai ninka kuɗi. Mun ga MMM da alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, mun ga yadda aka wayi gari a Disambar 2016 kuɗin mutane sun maƙale. Kada ki kawo mini irin wannan zancen.

Ranar Juma'ar nan ki fito da duk kayan da ke ɗakinki ki ƙirga su a kan farashin sari na yau, ki haɗa da abin da ke asusu, ki haɗa da bashin da kike da yaƙinin za a biya, ki cire wanda ake bin ki. Ki rubuta lambar a shafin farko na littafin da kwanan wata. Bayan wata uku ki sake ƙirgawa, ki turo mini lambobin biyu, sai mu yi maganar shafi.