Robar da ke gane guba a ruwa: gaskiya ce?

Tambaya: Malam, ina noman masara a kusa da Dadin Kowa, kuma duk damina muna fesa maganin ciyawa. Ɗana da ke jami'a ya ce akwai wata roba da ke gane guba mai lalata haihuwa a cikin ruwa. Gaskiya ne? Za a iya gwada ruwanmu da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, yaron nan ya faɗa maka gaskiya. Amma bari mu fara da gubar tukuna.

A jikin mutum da na dabba akwai sinadarai masu kai saƙo ta jini, ana ce musu homon. Su ke tafiyar da balaga, al'ada, ɗaukar ciki da girman yaro. To wasu sinadaran da mu muke ƙerawa suna shiga jiki su kwaikwayi homon, ko su tare masa hanya. Daga cikinsu akwai atarazin, maganin ciyawar da manoman masara suka sani sarai, da BPA da ke cikin wasu robobi masu tauri da rufin cikin gwangwani, da kuma ragowar ƙwayar tazarar haihuwa da ke fita ta fitsari. Tarayyar Turai ta hana atarazin tun 2004, ta hana BPA a bulumbotin jarirai a 2011.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ƙanƙantar adadin da ke yin ɓarna. A Kanada an yi shekaru ana zuba wa wani tafki sinadarin ƙwayar tazarar haihuwa, nanogiram 5 zuwa 6 kacal a kowace lita, alhali nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mazan wani ƙaramin kifi sun fara ɗaukar siffar mata, har irin ya kusa ƙarewa a tafkin. Irin wannan adadi ba ya canza launin ruwa, ba ya wari, kuma yana ɓuya ne cikin laka da ruɓaɓɓen ganye da gishiri iri-iri. Wahalar ke nan: yadda za a tsamo shi shi kaɗai.

A nan robar ta shigo, masana na kiranta MIP a taƙaice, wato roba mai ɗauke da sawun sinadari. Ka ga idan yaro ya taka ɗanyen siminti ya bushe, sawun nan ƙafarsa ce kawai za ta zauna cikinsa daram, yatsa a gurbin yatsa. Haka ake yi a ɗakin gwaji. Ana ɗaukar atarazin kaɗan a cuɗa da wani sinadari mai manne masa, galibi asid ɗin metakirilik, a ƙara wani mai ɗaure su wuri guda, a ɗumama a zafin da ya kai wajen digiri 60 na kusan kwana ɗaya. Sai ka ga dunƙule fari mai tauri a gindin kwalba. A daka shi, a tankaɗe, a yi ta wanke garin da metanol da ɗan asid har atarazin ya fita. Abin da ya rage guraben da ido ba ya gani ne, kowane da girman atarazin da siffarsa, har da wuraren da zai manne. Günter Wulff na Jamus ya fara wannan aiki da roba a 1972, daga baya Klaus Mosbach na Suwidin ya fito da hanya mai sauƙi da aka fi bi yau.

Wajen gwaji, ana dura garin cikin wani bututu mai kama da sirinji, a bi da rabin lita na ruwan kogi ta cikinsa a hankali. Datti ya wuce, atarazin ya maƙale. Sai a kwance shi da ɗan ruwan sinadari da bai wuce cikin cokali ba, ka ga ya taru ninki ɗari ko fiye, na'ura ta iya auna shi. Akwai masu shafa robar a kan ɗan ƙarfe mai jin lantarki, da zarar gubar ta cika guraben sai ƙarfin wutar ya sauya.

Ni abin da ya sa nake ganin ta dace da mu shi ne juriya. Wasu kayan gwajin da garkuwar jikin dabba ake yin su, dole sai firiji. Ita kuwa tana jure zafin Afrilu na Gombe, tana daɗewa a kan kanta, ana wankewa a sake amfani da ita.

Sai dai tana da rauni. Idan ba a wanke ta sosai ba, ragowar atarazin ɗin da aka ƙera ta da shi kan zubo cikin gwaji, a ɗora wa ruwa laifin da bai yi ba. Shi ya sa ƙwararru kan yi gurbin da wani sinadari mai kama da shi. Takan kuma kama 'yan'uwansa irin su simazin. Don haka duk abin da ta nuna sai babbar na'ura ta tabbatar, kuma ba abu ba ne da za ka saya a kasuwa ka tsoma a rijiya.

Idan kuna son a gwada ruwanku, ku haɗu a ƙungiyance ku tuntuɓi sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, su faɗa muku inda ake da na'urar. A ɗebi ruwan a kwalbar gilashi, ba ta roba ba, bayan ruwan sama na farko da ya biyo feshi, lokacin da maganin ya fi gangarowa kogin Gongola. Kafin nan, don Allah a daina wanke tankin feshi a bakin kogi, a daina zuba ruwan sha a jarkar magani komai wankin da aka yi mata. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da atarazin. Matatar gawayi na musamman da ake sarrafawa don tace ruwa ita ke rage shi.