Hoton tsohuwar coci a Zuru

Malama, kin tambayi yadda za ki ɗauki hoton tsohuwar cocin unguwarku don neman kuɗin gyara. Fara da gaida fasto da dattawan coci, ki nemi izini.

Ki je da hantsi ko bayan la'asar. Hasken da ke zuwa ta gefe shi ke fito da tsagewar bango. Rana tsaka tana shafe ta. Ki ajiye biro kusa da tsagar don a ga girmanta. Katakon rufin da gara ta ci, ki matsa ki ɗauke shi kusa-kusa, amma don Allah kada ki hau.

Ni dai na fi son watan Agusta, bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da yoyon kwano ke barin shaida a kan benci.