Ɗora fiyano biyu a kan ƙarfe guda

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina kiɗa a wajen biki da fiyano biyu, Yamaha da ƙaramar Korg, ƙarfen da nake ɗora su mai siffar X ne, kullum rawa yake, rannan saura kaɗan ta saman ta faɗo. Wanne zan saya? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Allah ya kiyaye gaba ɗan'uwa. Gaskiya X mai sanda ɗaya ba na fiyano biyu ba ne, in ka ɗaga shi sama ƙafafunsa matsewa suke, shi ya sa yake rawa. Nemi mai siffar Z mai hawa biyu, gindinsa faɗi gare shi kuma gwiwarka ba ta bugun ƙarfe in kana zaune. Ka duba kilo nawa aka rubuta yana ɗauka, fiyano mai maɓalli 88 kaɗai takan kai kilo 20, ita za ka sa a ƙasa, ƙaramar a sama. In kuɗi bai kai ba mai walda zai haɗa maka, amma don Allah ka tsaya a kansa ya sa bututu mai kauri da roba a ƙafafun, kuma kafin kowane biki ka ɗaure notunan.